Shafin farashin albasa ya koma fari fat, a taimaka

Ɗan Aliero: Assalamu alaikum 'yan zaure. Don Allah ina neman ɗauki. Shafina na WordPress da nake sa farashin albasa da shinkafa da labaran manoma da Hausa ya ƙi buɗewa tun daren jiya. Fari fat, sai ɗan rubutun Turanci da ke cewa an samu babbar matsala. Dashbod ma, wato wurin da nake sarrafa shafin, ba ya shiga, can an ce in duba imel, na duba babu komai. Wallahi ban taɓa komai ba. Ga dillalai sai kirana suke yi.

Mai Kafe Jega: Wa alaikumus salam. Dut wanda yaz zo shagona da wanga ciwo, "ban taɓa komi ba" shika cewa. Tuna dai da kyau.

'Yar Zuru: Mai Kafe, bar shi, yana iya yiwuwa gaskiya ya faɗa. Ƙanena, tambaya biyu. Masu hostin ɗinka, wato kamfanin da ke ajiye maka shafin, sun ba ka cPanel, wurin sarrafa fayilolinsa? Kuma sun turo maka wani saƙo kwanan nan a kan PHP, yaren kwamfutar da WordPress ke aiki da shi? Shi wancan imel da kake nema, tun WordPress 5.2 na 2019 ake tura shi, yana ɗauke da mahaɗin da zai shigar da kai dashbod ta ƙofar gaggawa. Amma adireshin da aka sa ranar da aka kafa shafin yake zuwa, wanda sau da yawa na wanda ya haɗa maka shafin ne, ba naka ba.

Ɗan Aliero: Akwai cPanel, Anti. Saƙo kuma e, sun ce za su mayar da kowa PHP 8. Na ɗauka talla ce.

'Yar Zuru: To mun kusa. Shiga File Manager, buɗe public_html, nemi wp-config.php. Kafin ka taɓa shi ka sauke kwafinsa a wayarka. Za ka ga layin WP_DEBUG an rubuta false, mayar da shi true. A ƙarƙashinsa ƙara layi biyu irinsa: WP_DEBUG_LOG ya zama true, WP_DEBUG_DISPLAY ya zama false, don kada baƙi su riƙa ganin tonon asirin a fuskar shafi. Ka adana, ka sake buɗe shafin sau ɗaya, sai ka shiga foldar wp-content, za ka tarar da sabon fayil mai suna debug.log. Layukan ƙarshe nake so.

Mai Kafe Jega: Wanga dogon aiki na mi ne? Shi canza sunan foldar plugins kawai, dut fulogin, wato ƙananan manhajojin da aka ƙara ma shafi, su mutu lokaci guda, in shafi ya tashi mun san inda ɓarawon yake.

'Yar Zuru: Hanyarka tana aiki, ban musa ba. Amma idan laifin ba na fulogin ba ne fa? Ya kashe su a banza, har da na tsaro. Karanta fayil ɗin minti biyu ne kuma zai faɗi sunan mai laifi da lambar layi.

Ɗan Aliero: Na gani. Layin ƙarshe yana maganar wani abu create_function, wai ba a san shi ba. Hanyar da ya nuna ta bi ta wp-content, themes, sai sunan rigar shafin, wato theme ɗin da ke ba shi kamanni, sai wani fayil widgets.php.

Injiniya BK: Shi ke nan, ba fulogin ba ne, rigar shafin ce. Wannan create_function tsohon umarni ne na PHP. Tun fitowar 7.2 aka yi gargaɗin a daina amfani da shi, da PHP 8.0 ya fito a Nuwamban 2020 aka cire shi ɗungurungum. Duk rigar da har yau take kiransa, to shekaru ke nan ba a sabunta ta ba. Maganin yau: a cPanel nemi wurin zaɓen PHP, wasu masu hostin suna kiransa Select PHP Version, wasu MultiPHP Manager, ka koma 7.4 idan sun bar shi a jeri. Shafin zai tashi nan take. Sai dai ka sani 7.4 an daina yi masa gyaran tsaro tun Nuwamban 2022, don haka mafaka ce ta kwana biyu. Tambayata ita ce, a ina ka samo rigar nan?

Ɗan Aliero: Ya tashi! Allah ya saka da alheri, Yallaɓai. Rigar kuma wani yaro ne a Birnin Kebbi ya haɗa mini shafin, ya ce ta kuɗi ce amma ya samo ta kyauta a Telegram.

Injiniya BK: Innalillahi.

Mai Kafe Jega: Banza ba ta kai zomo kasuwa.

Masunci Argungu: Af, ashe kai ad da shafin ga. To bari in hwaɗa ma. Kwanan baya na buɗe shi ina biɗar farashin shinkahwa, ina danna labari sai waya ta jefa ni wani shafin caca. Na ce ikon Allah, yaron ga har tallar caca ya hwara amsa. Sai na yi shiru don kar in ba ka kunya.

Ɗan Aliero: Subhanallahi, Kawu! Ni ban taɓa ganin wannan ba, kullum ina kan shafin.

'Yar Zuru: Ba za ka gani ba, haka aka tsara abin. Yana ɓoye wa mai shafi, yana fito wa baƙi. Koma File Manager, buɗe wp-includes, duba ko akwai wp-vcd.php ko wp-tmp.php. Babu ɗayansu a WordPress na asali. Sannan buɗe functions.php na rigar ka dubi samansa.

Ɗan Aliero: Duk biyun suna nan. A saman functions.php kuma akwai wani dogon rubutu da ban gane kansa ba.

'Yar Zuru: WP-VCD ke nan. Sananniyar cuta ce, masu Wordfence, fulogin ɗin tsaron WordPress, sun yi dogon rahoto a kanta a 2019, kuma babbar hanyar yaɗuwarta ita ce irin waɗannan riguna da fulogin na kuɗi da ake rabawa kyauta. Muguntarta, ba ta zama wuri ɗaya. Tana kwafar kanta cikin functions.php na duk rigunan da ke shafin, har waɗanda ba ka amfani da su, kuma idan kana da wani shafin a hostin ɗaya tana iya tsallakawa. Shi ya sa mutum zai goge fayil ɗaya ya kwanta, gari ya waye ya tarar ya dawo.

Ga yadda zan bi in ni ce. Ɗauki cikakken kwafin shafin da rumbun bayanansa tukuna, ko da cutar a ciki, don rubuce-rubucenka suna can. Sauko da WordPress sabo daga wordpress.org. Goge wp-admin da wp-includes gaba ɗaya ka zuba sababbi, kada ka zuba a kan tsofaffi, don fayilolin cutar za su tsira. Goge duk abin da ke foldar themes, ka sa riga ɗaya daga rumbun WordPress. Fulogin ma ka goge ka sake saukowa da su ɗaya-ɗaya daga rumbun. Foldar uploads kada ka goge, hotunanka ne, amma ka leƙa ciki: duk fayil mai ƙarewa da .php a can abin tuhuma ne, in ban da ɗan index.php da ba komai a cikinsa. Daga nan ka duba jerin masu izinin shiga, duk admin da ba ka sani ba ka kore shi, ka canza kalmar sirri ta dashbod da ta cPanel da ta rumbun bayanai. Idan ka canza ta rumbun bayanai sai ka gyara ta a wp-config.php, in ba haka ba shafin zai sake faɗuwa.

Ɗan Boko Kalgo: Ina da ja a nan. Kowa yana magana kamar yaron nan sata ya yi. WordPress a ƙarƙashin lasisin GPL yake, kuma lasisin ya yarda duk wanda ya mallaki kwafi ya raba shi. Riguna da fulogin a kansa aka gina su. To wanda ya saya ya ba wasu, wace doka ya karya? Ku tuna akwai lokacin da bankuna suka rufe biyan dala da katin naira, ko kana da kuɗin ba hanyar biya. Riga ɗaya kusan dala 60. Ɗan makaranta ina zai samo?

Injiniya BK: Rabin maganarka gaskiya ce. Ɓangaren PHP na rigar yana bin GPL. Amma da yawa daga waɗanda ake sayarwa a ThemeForest lasisinsu rabe yake: PHP ɗin GPL, hotuna da zanen da CSS kuma na mai su ne. Kuma mu ajiye doka a gefe. Wanda ya ɓata lokacinsa ya cire makullin lasisi ya ɗora a Telegram, sadaka yake yi? Ga amsar nan a wp-includes ɗin Ɗan Aliero. Ko da an samu mai tsabta ma, ba ta karɓar sabuntawa, ranar da PHP ya matsa gaba sai ta kife, abin da ya faru jiya ke nan.

Malam Na Gwandu: Ni ba masanin kwamfuta ba ne, ina zauren nan ne saboda shafin makarantarmu. Amma abin da ya dame ni daban ne. Manomi ya amince da kai, ya buɗe shafinka don ya san nawa zai sayar da buhunsa, sai ka zama sanadin kai shi gidan caca. Ko ba da saninka ba, yanzu ka sani. Ina ganin bayan gyara ya kamata ka sanar da masu karatunka a fili cewa ba kai ka sa ba.

Ɗan Aliero: Allah gafarta Malam, zan yi in sha Allahu.

Ɗan Boko Kalgo: Ban ce a bar cuta a shafi ba. Na ce ne kada a mai da talaka ɓarawo alhali lasisin bai ce haka ba.

'Yar Zuru: Na yarda, ba ɓarawo ba ne. Amma zaɓin ba tsakanin dala 60 da Telegram kaɗai yake ba. Rumbun WordPress cike yake da riguna na kyauta da ake dubawa kafin a ɗora su. Astra, GeneratePress, Kadence, duk suna da na kyauta, marasa nauyi, ana sabunta su. Shafin farashin albasa me yake nema da ya fi ƙarfinsu?

Ɗan Aliero: Gaskiya Anti, abin da ya sa nake son tsohuwar, tana da manyan hotuna masu juyawa a sama, da rubutu mai gudu kamar na talabijin, da agogo, da yanayin gari. Mutane suna cewa shafin kamar na babban gidan jarida. Waɗannan na kyautan na gwada dubawa, sun yi mini fayau.

Mai Kafe Jega: Nan kam ina bayan yaro. Kwastoma in bai ga abu na motsi ba cewa shikai ba ka yi aiki ba. Na sha yi ma mutane shafi mai sauƙi su ce in mai da musu kuɗinsu.

Injiniya BK: Kwastomanka a kwamfutar shagonka yake kallo, Mai Kafe. Shi wannan wa ke karanta shi? Dillali a bayan mota tsakanin Aliero da Jega, manomi a fadamar Argungu ko Suru, da ƙaramar Android, da datar da ya saya ta kwana ɗaya, sabis yana zuwa yana ɗaukewa. Hotuna biyar masu juyawa, kowanne yadda kyamarar waya ta ɗauko shi, megabait uku ko huɗu, duk sai wayarsa ta ja su alhali layi ɗaya ya zo gani. Ɗan Aliero, kada ka yarda da ni. Sa adireshin shafinka a PageSpeed Insights na Google, ka dubi sakamakon ɓangaren waya, ba na kwamfuta ba. Ko mafi sauƙi, ari wayar wani dillali ka buɗe da datarsa a tsakiyar kasuwa.

Masunci Argungu: Agogon nan ma ni ban ga amfaninai ba. Wayar da nika riƙe da ita tana da agogo.

Ɗan Aliero: Kawu ka gama da ni. To fulogin fa? Ina da 26.

'Yar Zuru: Yawan ba shi ne ainihin matsalar ba, guda ɗaya mara kyau ya fi goma masu kyau nauyi. Amma turo jerin.

Na gani. Kana da na kesh biyu, wato masu adana kwafin shafi don ya buɗe da wuri, suna aiki ɗaya suna taka juna, bar ɗaya. Kana da Yoast da Rank Math tare, duk na SEO ne, wato na taimaka wa shafi ya fito a Google, zaɓi ɗaya. Na jinkirta lodin hotuna ba ka buƙatarsa, WordPress yana yi da kansa tun 5.5 a 2020. Abin da babu kuma shi ya fi komai muhimmanci: na ajiyar kwafi. Sa UpdraftPlus, ka haɗa shi da Google Drive, ya riƙa ɗauka duk mako. Hotuna kuma ka rage faɗinsu zuwa 1200 kafin ka ɗora, in ka iya ka mai da su WebP, tsarin hoto mara nauyi, ana karɓarsa tun 5.8.

Ɗan Aliero: Na dawo. Na bi matakan duka, na sa riga mara nauyi, na mayar da PHP 8, shafin yana tsaye. Amma matsaloli sun fito. Duk labarin da na danna sai ya ce 404, wai ba a same shi ba. Launin kore da lambar talla da yaron ya sa mini duk sun tafi. Kuma a kanun labarai, haruffan ƙ da ɗ da ɓ sun fita daban, sirara, kamar an aro su.

Injiniya BK: Na farko ba komai ba ne. Settings, Permalinks, danna adanawa ba tare da ka canza komai ba, zai sake rubuta .htaccess. Na biyu, yaron a cikin fayilolin rigar kanta ya yi gyaransa, shi ya sa suka bi ta. Ko rigar halal ce, ranar da ka sabunta ta haka za su tafi. Launi ka sa shi ta Customize, ƙananan gyare-gyare a akwatin Additional CSS. Idan abin ya kai ga taɓa functions.php, to ka yi 'yar riga: sabuwar folda a themes, da style.css wanda a kansa akwai layin Template ɗauke da sunan foldar uwar rigar daidai harafi da harafi, da functions.php naka. Ka kunna 'yar, uwar ta ci gaba da sabuntuwa ba ta taɓa aikinka. Ka lura, abin da ka zuba a Additional CSS yana bin rigar da ka zuba shi a kanta ne, in ka koma 'yar sai ka kwafo shi.

'Yar Zuru: Na ukun ku bar mini, shi ne ciwon duk mai shafin Hausa. Salon haruffan da rigar ta zo da shi ba a zana masa haruffanmu masu lanƙwasa ba. Idan burauza ta zo kan ƙ ba ta same shi a salon ba, sai ta aro daga wani salon da ke wayar, shi ya sa yake fita bare a tsakiyar kalma, a tsofaffin wayoyi ma akwati kawai ake gani. Wani abin haushi, a tsarin Unicode ba unguwa ɗaya suke ba: ƙ da ƴ da manyan Ƙ, Ɗ, Ɓ suna rukuni ɗaya, ƙananan ɗ da ɓ kuma suna rukunin haruffan nazarin furuci. Don haka za ka iya samun salon da ke da ƙ amma babu ɗ. Kada ka gwada da harafi ɗaya. Rubuta "Ƙungiyar ɗiyan Ɓaidu ta ɓullo da ƙa'ida" a kanun gwaji, ka duba shi da kauri da kuma a karkace, a waya. Noto Sans da Noto Serif suna da su duka, haka Andika da Charis na SIL.

Malam Na Gwandu: Allah ya yi miki albarka, Malama. Mu da muka rasa yadda za mu yi sai muka koma rubuta k' da d'. Har wani ya karanta mana "ƙasa" a matsayin "kasa" a sanarwar makaranta.

Mai Kafe Jega: Ni dai ina ganin wahala ce. Mutane nawa ka rubuta ƙ in suna biɗar abu a Google? Kowa "kasuwa", "kudi", "dan" shika bugawa.

'Yar Zuru: A akwatin bincike su rubuta yadda suka ga dama. A jikin labari kuwa a rubuta Hausa daidai. Inda zan bi ka shi ne adireshin labari. Idan kanu yana da ƙ, WordPress yana mai da shi %c6%99 a cikin mahaɗin, ɗ kuma %c9%97, in ka tura a WhatsApp sai ya zama wani dogon shirme da mutane ke tsoron dannawa. Kafin ka wallafa, gyara guntun adireshin da hannu, ka sa k da d da b zalla. Kanun ya zauna da lanƙwasarsa.

Ɗan Aliero: Na sa Noto Sans, sun daidaita. Saura biyu. Teburin farashi ya fi faɗin waya, layin Jega da Kamba ya yanke ba a gani. Kuma ɗan maɓallin nan mai layi uku na sama, in an danna a waya ba ya buɗewa, amma ni in na shiga a matsayin admin yana buɗewa.

Injiniya BK: Maɓallin aikin fulogin ɗin kesh ne. Kai admin ba a ba ka shafin da aka adana, shi ya sa kake ganin lafiya. Shiga saitinsa ka kashe haɗe fayilolin JavaScript da jinkirta su, ka share kesh, ka gwada a burauzar sirri. In ya gyaru, kunna su ɗaya bayan ɗaya har ka gane wanne ne. Tebur kuma ana iya sa masa overflow-x: auto a CSS don a riƙa jan shi gefe da yatsa.

'Yar Zuru: Ana iya, amma dillali ba zai san ana ja ba, zai ɗauka iyakar abin ke nan. Juya teburin: kasuwanni su sauko a tsaye, kowace da layinta, ginshiƙai uku kacal, kasuwa, kaya, farashi. Zai shiga kowace waya ba tare da CSS ba.

Ɗan Boko Kalgo: A nan kam ina tare da Anti.

Ɗan Aliero: Jinkirta JavaScript ne, na kashe shi, maɓalli yana buɗewa. Teburin ma na juya. Kawu, don Allah gwada daga can ka gani ko cacar ta tafi.

Masunci Argungu: Na buɗe labari huɗu, babu caca, kuma ya buɗe da wuri. Sai dai da na tura ma wani a WhatsApp, tsohon hoton nan na rigar da ta gabata ya hito.

'Yar Zuru: Sa wa kowane labari babban hotonsa, 1200 a 630, mara nauyi, ka tabbatar saitin hoton rabawa a kunne yake a fulogin ɗin SEO da ka bari. Na Facebook ka sa mahaɗin a Sharing Debugger ka ce ya sake ɗauka. WhatsApp yakan riƙe tsohon na ɗan lokaci, gwada da sabon labari. Kuma ka koma wp-config.php ka mayar da WP_DEBUG false, ka goge debug.log, don duk wanda ya san hanyarsa zai iya buɗe shi. Bayan kwana biyu ka sake leƙa wp-includes, in wp-vcd.php ya dawo ka yi mana magana kafin ka taɓa komai.